Babban Makulli Yana Tsibiri

Shekarar da wata hukumar gwamnati mai kula da noman rani ta ce tana son sayen aikinmu, mu biyu ne kacal a kamfanin, ni da abokina. Kafin mai bincikensu ta iso Maraɗi ta duba mu, na zama ni kaɗai.

Tun a lise, makarantar sakandare, muka san juna. Shi ɗan Tsibiri ne, ni kuwa karatu ya kawo ni daga Damagaram, na zauna gidan wani ɗan'uwan mahaifina. Daga baya muka tafi Yamai tare muka karanta ilimin kwamfuta, muka dawo tare, muka yi ta neman aiki har takalmanmu suka gaji. Da abin ya ƙi, kawunsa, wani Alhaji mai manyan motocin da ke tsallaka iyaka, ya ba mu ɗaki ɗaya a gefen wani gidansa a unguwar Zariya. A da tayoyi ake ajiyewa a ciki. Mun wanke, mun shafa fenti, mun kunna turare, amma warin roba bai taɓa barin ɗakin nan ba. Shi muke kira biro, wato ofis.

Abin da muka gina manhaja ce ta waya don gonakin rani na Jiratawa. Ma'aikacin gona zai shigar da sunan manomi da lambar wayarsa da filin da yake nomawa, da ranar da layin ruwa zai zo kansa, da irin da aka ba shi. Waɗannan bayanai ba a biro ɗinmu suke kwana ba. Wuri muka kama haya a kan injunan wani babban kamfani da ke wata ƙasa mai nisa, muna shiga ta intanet mu zuba, mu ɗiba, mu gyara. Irin wannan ajiya ita masu sana'armu ke kira girgije. Muddin ƙungiyar manoma ce kawai muke wa aiki, babu wanda ya taɓa tambayarmu yadda muke tsare wurin. Da gwamnati ta shigo, sai ga sharuɗɗa.

Hukumar ta ce kafin a sa hannu, sai an tabbatar sunayen mutane da lambobinsu ba za su faɗa hannun da bai dace ba. Kowane ma'aikaci ya kasance da nasa kont, wato ƙofar shigarsa ta kansa, kada biyu su shiga da suna ɗaya. Kalmar sirri kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da lambobin da ake aikowa ta waya a lokacin shiga. A murɗe bayanan yadda ko ɓarawo ya kwashe ba zai iya karantawa ba. A riƙa ajiye tarihin wanda ya shiga da abin da ya taɓa. Haka dai, shafi bayan shafi, cikin faransancin ofis mai sa barci. Kuma za su aiko mai bincike ya gani da idonsa.

Abokina ya juya shafi biyu ya turo mini sauran.

"Kai ka iya harshen gwamnati," in ji shi. "Ka karanta ka gaya mini abin da suke so, ni ka bar ni da injuna."

Haka muke tun farko. Ni nake rubutu da zuwa taro, shi yake riƙe da cikin aikin. Mutum ne dogo mai yawan dariya, ba ya iya zama a kujera kamar mutane, sai ya naɗe ƙafa ɗaya a ƙarƙashinsa. Kullum da safe yakan taho daga Tsibiri a kan moto, wato babur, da jarkar hurar da mahaifiyarsa ta dama a ɗaure a baya. Ba ya rubuta komai a takarda, komai yana kansa. Akwai wani ɗan aiki da ya tsara wanda ke kwafe duk bayananmu kowace safiya ya adana a wani wuri dabam saboda tsaro. In aikin ya kammala, saƙo kan shigo wayata da sunansa, da kalmomin da shi ya rubuta tun ranar farko: "An kwashe, an adana, babu abin da ya ɓace. Ka sayo mana ƙosai." Sau da yawa saƙon kan iso yana kan hanya, ni kuma in tsaya wurin mai tuya a bakin titi in sayo.

Farkon damina ya kwanta da zazzaɓi. Ya aiko mini da murya yana cewa ba komai ba ne, jibi zai shigo, kada in taɓa masa injuna. Jibin nan aka kai shi likita. Ana cikin haka wata safiya ƙaninsa ya kira ni, da na ji yadda ya yi sallama na san abin da zai faɗa.

A Tsibiri aka rufe shi. An yi ruwa kafin wayewar gari, ƙasar maƙabarta ta yi laushi, gero ya fara tsirowa a gonakin da ke kewaye. Na zauna zaman makoki tare da ƴan'uwansa. Mutane na zuwa su yi wa kawu ta'aziyya, su yi wa ƙanne, su wuce ciki wajen mata. Ni wasu kan miƙo mini hannu su wuce, don ba su san ko ni wane ne a gidan ba. Ban ga laifinsu ba. Aboki ba shi da tabarma tasa a wurin makoki.

Da na koma biro, kujerarsa na nan yadda ya bar ta, ta ɗan karkace gefe ɗaya. Na zauna a tawa. Can wayata ta yi ƙara. An kwashe, an adana, babu abin da ya ɓace. Ka sayo mana ƙosai.

Na san injin ne. Ni na fi kowa sanin injin ne. Duk da haka na daɗe ina kallon sunan kafin in ajiye wayar.

Alhaji ya kira ni bayan ƴan kwanaki ya tambaye ni ko zan iya ci gaba. Na ce zan gwada. Ya ce ɗakin nawa ne har ranar da na gaji da shi, sannan ya ɗauki wata wayar da ke ta ƙara a gefensa, na gane an sallame ni.

Daminar nan duka a kan sharuɗɗan na ƙare ta. Sai da na koyi rabin aikin da ba nawa ba. Nakan buɗe abin da ya gina in bi shi layi-layi kamar mai bin sawun wani a cikin yashi, in ga inda ya yi dabara, in ga inda ya yi gaggawa ya ce zai dawo ya gyara. Wani wurin yakan bar ƴar magana a gefen layi don kansa: "wannan ya yi aiki, ban san dalili ba." Sai in yi dariya, in ɗaga kai, ba kowa. Na raba wa ma'aikatan gona kont ɗinsu ɗaya bayan ɗaya, suna ta ƙorafi cewa da can kalma guda suke amfani da ita su duka kuma babu wanda ya mutu. Na murɗe bayanan. Na kunna ajiyar tarihin shiga da fita. In an ɗauke wuta, in jira. In ruwa ya tare hanya, in zauna har ya janye.

A Sabon Gari nake haya, ɗaki ɗaya a gidan mutane da yawa. Da yamma akwai fadar samari a ƙofar gida, ana dafa shayi ana gardamar ƙwallo da farashin kaya. Sun san abokina ya rasu, sun yi mini gaisuwa yadda ya kamata. Amma in wani ya ce, "Yaya aikin?" na fara bayani, kafin in kai tsakiya sai in ga idonsa ya koma kan butar shayi. A hankali na koma cewa, "Aiki da godiya," su ma hakan ya fi musu. Mutum ɗaya ne a duk garin nan da zan ce wa na yi nasarar juya makullan ajiya ba tare da komai ya tsaya ba, ya buga tebur ya ce, "Kai, ashe kana da kai!" Shi kuwa yana kwance a Tsibiri.

Abu guda ne ban taɓa ba: kont ɗinsa. Shi ne babba, wanda muka buɗe wurin da shi tun farko, wanda ke iya rufe kowa ya buɗe kowa. Ranar da muka buɗe shi wayata ta lalace, sai muka sa lambarsa. Kalmar sirrin na san ta, tare muka zaɓe ta. Amma in na shigar da ita, sai allon ya ce an aika lambobi zuwa wayar da ke ƙarewa da kaza, in rubuta su. Nakan tsaya a nan in rufe. Na yi haka ba sau ɗaya ba a cikin watannin nan, wani lokaci don ina bukatar wani gyara, wani lokaci ban san me ya kai ni ba.

Mai binciken ta iso da kaka, lokacin da ake yankan gero. Mace ce mai ɗan shekaru daga Yamai, da tabarau a rataye a wuya, Hausarta da karin Zabarmanci, in ta rasa kalma ta cike da Faransanci. Ta ƙi lemon da na sayo mata, ta ce tana da ruwanta. Ta duba ɗakin, ta shaƙi warin roba, ta ja kujerar abokina za ta zauna. Na yi sauri na ba ta tawa.

Ba ta da wasa, amma ba ta da wulaƙanci. Ba ta yarda da "mun yi" sai ta ce "nuna mini". Ta sa na ɗauko ajiyar wata rana da ta wuce na maido da ita a gabanta don ta ga ko da gaske tana maiduwa. Ta sa na kira wani ma'aikacin gona a Jiratawa ya gwada buɗe bayanan filin da ba na yankinsa ba, aka hana shi, ta gyaɗa kai. Har na fara sakin jiki. Bayan azahar ta ce in nuna mata duk masu ikon shiga.

Sunaye suka fito a allo. Ta sa tabarau, ta ɗora yatsa a kan na sama.

"Malam, wannan wane ne? Ikonsa ya fi naka."

"Abokin aikina ne, Madam. Tare muka kafa kamfanin."

"Yana ina? Ina son magana da shi."

"Ya rasu. Farkon damina."

Ta cire tabarau ɗin. "Allah ya jiƙansa. Allah ya ba ka haƙuri." Ta dubi kujerar da na hana ta, ta dube ni. Sannan ta mayar da tabarau. "Amma na ga kont ɗin yana aiki kowace safiya."

Na yi mata bayanin aikin ajiya da ke tafiya da sunansa.

"Lambobin shiga fa, wace waya suke zuwa?"

"Tasa."

"Wayar tana ina?"

"Ina jin tana wajen matarsa, a Tsibiri."

"Kana ji." Ta ajiye biro ɗin rubutunta a kan tebur. "Malam, ka yi aiki mai kyau, ban zo in karya maka gwiwa ba. Amma ka duba da kanka. Babban makullin sunayen manoman nan duka yana cikin wata waya da ba ka san takamaimai inda take ba. In ta ɓace fa? In aka sayar da ita a kasuwa? In kamfanin waya ya ga layin ya daɗe ba a amfani da shi ya ba wani? Ba zan iya rubuta cewa wurin nan a tsare yake ba."

Na ce na gane.

"Ka maido da babban iko hannun kamfani. Ka rufe nasa. Sannan dole a samu mutum na biyu da ke riƙe da makulli tare da kai, don abin da ya faru kada ya sake barin wurin a hannun mutum ɗaya. Zan dawo kafin ƙarshen shekara."

A bakin ƙofa, direbanta na jira, ta juyo ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Na san ba saboda sakaci ka bar shi ba. Amma sai an rufe."

Akwai hanyar rubuta wa kamfanin girgijen a aika musu da shaidar rasuwa su sauya lambar da kansu, amma abin kan ɗauki lokacin da ba ni da shi. Hanya mafi kusa ita ce Tsibiri. Tun zaman makoki ban koma ba. Nakan ce sai na samu wani labari mai daɗi da zan kai musu, labarin kuma bai zo ba.

Ranar wata Asabar da hantsi na sa kwamfuta a jaka na hau moto. Hanyar ba ta da nisa. Amalanken shanu ɗauke da dammunan gero suna ta shiga gari, ana ta ɗaga wa juna hannu. Na tsaya na sayi goro da sukari.

Mahaifiyarsa na tsakar gida a kan tabarma tana tsince wake. Ta rame. Da ta gan ni ta ajiye faifan.

"Ɗana, kai ne? Ashe kana tuna hanya."

Na durƙusa na gaishe ta, na ce ta yafe mini, aiki ne ya riƙe ni.

"Aiki," in ji ta. "Shi ma haka yake cewa. Zamna."

Muka gaisa, ta tambayi mutanen Damagaram, ta sa aka kawo mini hura a kwanon sha. Da na kurɓa na ji ɗanɗanon da na saba, sai da na ajiye kwanon na ɗan dubi ƙasa. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni, a taƙaice: akwai wata ƙofa ta aikinmu da ba ta buɗuwa sai da wayarsa.

"Wayar tana wajen matarshi. Ba ta rabuwa da ita." Ta ɗaga murya wajen ɗakin da ke gefe. "Ga abokin malam ya zo."

Matar tana cikin takaba. Malamar makaranta ce, ba su daɗe da aure ba, ɗiyarsu ɗaya tana goye. A da in na zo gidan nakan tsokane ta in ce ta ƙwace mana shi, ita kuma ta ce mu muka ƙwace mata. Ranar ba ta fito ba. Ta zauna daga cikin ƙofa, bayan labule, ƙafafunta kawai nake gani da gefen hijabi. Muka gaisa, na sake yi mata ta'aziyya, na tambayi yarinya.

Na ce, "Malama, ba karɓar wayar zan yi ba. Zan shigar da wata kalma a nan, sai lambobi su shigo wajenki, ki karanta mini. Shi ke nan."

Ta matso kusa da labule.

"Lambobi guda shida?" ta ce.

"E."

"Ashe kai ne."

Ban gane ba da farko. Ta ce tun bayan rasuwar, lokaci-lokaci wayar kan yi ƙara, ta duba ta ga lambobi da wani rubutu na Turanci, babu suna. Ranar farko gabanta ya faɗi har ta kasa cin abinci. Ta nuna wa ƙaninsa ya ce ƴan damfara ne, ta share. Ba ta share ba.

"Na zaci wani ne can nesa ke nemansa, wanda labari bai kai masa ba."

Kunya ta rufe ni. Ban taɓa kawowa a raina cewa abin da nake dannawa a Zariya yana ƙara a cikin ɗakin nan ba. Na ce ta yi haƙuri, ban sani ba.

"Babu komai," in ji ta. "Da farko ana ta kira, masu gaisuwa da waɗanda ba su ji ba. Yanzu duk sun daina. Lambobin nan kaɗai ke shigowa." Yarinyar ta motsa, ta jijjiga ta. "Ina sa mata kati don kada a rufe layin. In ka yi abin da za ka yi, hotunansa za su tafi?"

"Babu abin da zai taɓa hotuna, ko muryoyinsa. Wayar taki ce yadda take."

"Lambobin fa? Za su ƙara zuwa?"

"A'a. Daga yau ba za su ƙara zuwa ba."

Labulen bai motsa ba. Inna ta ci gaba da tsintar wake, ba ta ɗaga kai ba. Wata akuya ta leƙo daga bayan rumbu ta koma.

"To," in ji matar. "Bisimilla."

Rezo, wato sabis ɗin waya, ba shi da ƙarfi a tsakar gidan, sai da na matsa kusa da bishiyar bedi na ɗora kwamfutar a kan turmin da aka kifa. Na shigar da kalmar. Na ji ƙarar daga cikin ɗaki, ƙarar da na sani, wadda ta shekara tana tashi a kan teburin da ke kusa da nawa. Na jira. Ba ta karanto su ba. Lambobin ba sa daɗewa suke mutuwa, ina kallo lokacinsu ya ƙare.

Can ta ce, "Yi haƙuri. Sake."

Na sake. Wannan karon ta karanto su ɗaya-ɗaya, a fili, da muryar da take kiran sunayen yara a aji. Ƙofar ta buɗe. Na cire lambarsa na sa ta kamfani, layin da na saya musamman don haka. Abin bai fi shan ruwa ba. Na ce mata an gama, na gode. Ta ce Allah ya taimaka, ƙafafun suka janye daga bakin ƙofa.

Da zan tafi, Inna ta riƙe ni da tambaya.

"Wai ni kam, mi kuke yi a wurin nan? Na sha tambayarshi, sai ya yi dariya ya ce ba zan gane ba."

Na ce mata manoman Jiratawa ne suka ba da sunayensu da lambobinsu da iyakar gonakinsu, mu kuma muke ajiye musu, muna tsarewa kada wanda ba shi da hakki ya gani ko ya sauya.

"Amana ke nan," ta ce. "Mi ke da wuyar ganewa a nan? Yaron nan dai." Ta girgiza kai, ta ɗan yi murmushi, ta goge ido da bakin zane. Ta sa aka ɗaura mini damin gero ƙarami a bayan moto, duk da na ce mata ba ni da mai daka mini.

Ban rufe kont ɗin ranar ba. Sai da na kwashe kwanaki ina mayar da duk ayyukan da ke tafiya da sunansa zuwa wani kont na inji wanda ba na kowa ba, kamar yadda sharuɗɗan suka ce. Babban ikon kuma na ɗauke shi na mayar kan wani sabon kont na kamfani. Da na tabbatar babu abin da ya rage a rataye da shi, wata rana bayan la'asar na buɗe shafin. Allon ya tambaye ni ko na tabbata, ya ce in rubuta sunan da hannuna don kada a yi kuskure. Na rubuta sunansa cikakke. Na yi masa addu'a, na danna. Jerin ya matso sama, nawa ya koma na farko.

Washegari saƙo ya shigo da kalmomin da ni na rubuta, irin waɗanda mai bincike za ta so: ajiya ta kammala, ga lokaci, ga girma. Na karanta na ci gaba da aiki.

Saura mutum na biyu. Wannan ya fi ba ni wuya fiye da yadda na zata. Waɗanda na yarda da su ba su san aikin ba, waɗanda suka san aikin ban san su ba. Daga ƙarshe wani malaminmu na Yamai ya haɗa ni da wani mutumin garin Tawa, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, ya yi aiki a wani banki ya bari. Mutum ne mai tsabta da tsari, komai sai ya rubuta, ba ya makara, ba ya kuma ƙara minti bayan tashi. Da kwanon abincinsa yake zuwa, ya ci a kan teburinsa yana sauraron labarai. Tun ranar farko yake ce mini patron, wato maigida. Na ce ya bari, mu biyu ne kawai a ɗakin. Ya ce to, washegari ya ci gaba.

Madam ta dawo kamar yadda ta ce. Ta duba, ta sami wasu ƙananan abubuwa biyu ta ce a gyara, sauran ta amince. Bayan wani lokaci hukumar ta sa hannu, ba a kan duk abin da muka yi fata ba, a kan Jiratawa dai tukuna, in an ga yadda ta tafi a ƙara. Na kai wa Alhaji labari ya ce madalla. Na kira Tsibiri na gaya wa Inna, ta sa albarka. Muka shirya da matar yadda rabon marigayi a kamfanin zai zama na ɗiyarsa, a gaban kawu da ƙaninsa.

Ranar da za mu raba makullin, ni da mutumin Tawa muka zauna da safe. Na sa wayarsa a babban kont kusa da ta kamfani, muka gwada, lambobi suka shigo masa, ya shiga ya fita. Ya buɗe tsarin da yake rubutawa na abin da za a yi in wani abu ya faru, yana karantawa yana tambayata. In wuta ta daɗe ba ta dawo ba. In aka sace kwamfuta. In aka ga alamar wani ya kutsa, wa za a fara sanarwa a hukumar. Duk na amsa.

"Saura ɗaya, patron," ya ce, bai ɗaga kai ba. "Allah ya kiyaye, in wani abu ya same ka, wa zan kira?"

Ya ɗaga kai yana jira. A waje mai sayar da ruwa na wucewa da kurarsa, jarkoki na karo da juna. Na bi mutanen gidan hayarmu a raina, na bi ƴan fada, na bi Alhaji da wayoyinsa. Daga baya na ba shi lambar yayata da ke aure a Damagaram, wadda har yau ta ɗauka gyaran waya nake yi.

Ya rubuta, ya maimaita mini lambar don ya tabbatar, na ce haka take. Ya ce to, ya juya ga aikinsa, ni ma na juya ga nawa.